Ka Shafa Masa Da Kauri

Podlesi, 3 ga Satumba

Yaya Vlasta,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kumburin ƙafarki ya sauka, kuma masu hawan dutsen nan da kike yi wa girki ba su haɗa ke da miyar sun shanye ba. Ni lafiya lau, sai bayana da ke damuna idan na daɗe kwance a ƙarƙashin bas. Kaji saura bakwai. Inna Drahusha maƙwabciyarmu tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu kin san hanyar garin nan.

Kin san ni da waya, kafin in fitar da kalma ɗaya in'ina ta cinye mini minti biyu, ke kuma a can saman dutse sai wayar mai wurin da kike aiki. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Baba ya daina cin abinci. Cokali biyu sai ya ture kwanon. Ga ciwon ƙugu da gwiwoyi ya hana shi sakat, ko juyi zai yi sai ya cije baki. Ranar Litinin aka ɗora shi a sikeli, kilo hamsin da uku. Likita ta ce idan ya sauka ƙasa da hamsin za a kwantar da shi a asibiti a saka masa robar abinci ta hanci, kuma a yadda na ga fuskarta, wanda ya shiga ta wannan ƙofar ba ya dawowa gida. Baba ya ce mata, "A gadon nan uwarsu ta cika, a nan zan cika. Wanda ya zo mini da roba shi zai haɗiye ta." Ta yi dariya, ni ban yi ba.

To ga maganar. Likita ta rubuta masa ganye. E, wanda kike tunani, wiwi. Daga kemis na karɓo, da takarda da hatimi, babu ɗan sandan da zai ɗaga mini gira. An ce ya riƙa shaƙar tururinsa, amma huhun da ya yi shekara talatin da biyar yana shan ƙurar wurin fasa dutse ba zai ɗauka ba, sau ɗaya muka gwada ya yi tari har ya yi shuɗi. Sai nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ce wasu suna dafa ganyen a cikin mai, a yi masa mas (nan babban yatsana ya bar baƙin mai a kan sauran kalmar, ki yi haƙuri, kin dai gane).

Ranar Asabar na je Brno, wani shago da ake sayar da na'urorin wannan aikin. Mai shagon, da zobe a hanci, sai kirana yake "ɗan'uwa". Ya nuna mini guda uku. Ɗaya kamar butar lantarki ce mai wuƙa a ciki, tana dafawa tana juyawa da kanta, idan ta gama ta kunna koriyar fitila ta yi kiɗa. Ta biyu sanda ce da ake tsomawa a bokitin ruwa, a ɗaure kayan a leda a jefa ciki. Ta uku gwangwani ne mai murfin roba, ya ce ko maƙwabta ba za su ji wari ba. Akwai kuma tukunyar lantarki ta talakawa, irin mai dafa wake a hankali, amma ita ya nuna mini ne da leɓe.

Ni injin bas na sani, ko ƙwai na soya sai kaji sun ji kunya. Ke ce mai girki. Wacce zan saya?

Ƙaninki,
Radim

*

Gidan Dutse, Tirol, 11 ga Satumba

Radim,

Na samu wasiƙarka jiya. Ranar Laraba kawai kwandon igiya yake hawo mana da kaya daga kwari, kuma wani mai hikima ya ɗora ta a kan cuku, yanzu cukun duk warin gareji yake. Ƙafata da sauƙi. Dusar ƙanƙara ta fara zuba a kan tsaunuka, baƙi sun ragu, saura wata ɗaya mu rufe. Ka ce wa Inna Drahusha na san hanya, kuma na san ita ce mai gadinta.

Sau biyu na karanta jerin na'urorinka. Butar da take kiɗa. A ɗakin girkin Mama, kusa da hoton bikinsu. Radim, ina ka ajiye hankalinka ranar Asabar? Na san masu sayen irin waɗannan abubuwa, suna zuwa nan kowane bazara, su laɓe bayan ɗakin itace suna busa abinsu, sannan su shigo mini da jajayen idanu suna dariyar gishiri, su cinye burodin mutum goma. Warinsu kamar an ƙona jiƙaƙƙiyar safa. Sai na buɗe tagogi duka bayan sun fita.

Tunda ka tambaye ni a matsayin mai girki, bari in amsa maka haka. Duk abin da ke da wuƙa a gindi ba ya wankuwa. Maiƙo yana shiga ƙarƙashin wuƙar ya zauna, bayan sati biyu ya yi tsami, ka buɗe ka ji kamar mushe. Ta leda kuwa, wanda ya dafa kitse a cikin leda ba shi da uwa a gida. Gwangwanin da ke ɓoye wari an yi shi ne don marasa gaskiya. Kada ka sayi ko ɗaya, kuma kada ka sake barin mai zobe a hanci ya kira ka ɗan'uwa, ɗan'uwanka ɗaya ne kuma mace ce.

Abin da nas ɗinka take faɗa ba sabon abu ba ne. Mama ta yi shekaru tana yi, kowace kaka, daga 'yan tsiron da take ɓoyewa bayan tumatir. Kai kana makarantar kanikanci lokacin, daga baya kuma ranar da za ta yi sai ta kori maza daga gidan. Rabin tsofaffin Podlesi sun zo ƙofarmu da kwalba a aljihu, har matar mai kaɗa ƙararrawar coci. Ban taɓa son warin ba, amma wannan dai abin mutunci ne, na iyaye mata.

Ka sauka ɗakin ƙasa, bayan kwalaben kokwamba za ka ga jar tukunya mai tabo a hannu. Ita ce tukunyar aikin. Ka samo kitsen alade mai kyau wurin mahauci, ba na kanti ba. Ka zaunar da jar tukunyar cikin babbar tukunyar ruwa, wuta ƙasa-ƙasa, kada ka bari ya tafasa, kada kuma ka tafi gareji ka bar shi. Ka tace da tsohon ƙyalle mai tsabta, na ce mai tsabta. Ka narka ɗan kakin zuma a ciki don ya kama jikinsa. Daga ƙarshe ka duba saman kanta, akwai gwangwani mai shuɗi, ka ɗebi kaɗan a bakin wuƙa ka juya a ciki. Mama ta ce shi ne ke kai aikin har ƙashi.

Idan ya daskare ka shafa masa da kauri, safe da yamma. Zai yi mita, kada ka saurare shi.

Batun cin abinci kuwa, ka yanka kaza ɗaya ka yi masa romo. Baba ya saba da yanga, tun Mama tana da rai sai an lallashe shi. Ba zan iya saukowa yanzu ba, ni kaɗai ce a ɗakin girki.

Yayarka,
Vlasta

*

Podlesi, 19 ga Satumba

Yaya Vlasta,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki albishir. Kowa lafiya, ban da kazar da kika yanke wa hukunci. Romon nata ni na shanye, Baba ko kallonsa bai yi ba. Shekaranjiya sikeli ya ce hamsin da biyu.

Na ɗauki hutun kwana ɗaya na yi aikin jiya, kamar yadda kika tsara, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Na samu jar tukunyar, da gawar gizo-gizo uku a ciki. Ashe Mama tana wannan harkar ban sani ba. Ina tsaye ina juyawa ina ta mamakinta, matar da ta taɓa mari na don ta ji warin taba a rigata.

Yaya, warin nan. Na yi aiki a ramin da ake zubar da tsohon man inji, na taɓa ciro mataccen ɓera daga bututun bas, amma ban taɓa jin abin da ya kai wannan ba. Da farko kamar an dafa ciyawar da akuya ta kwana a kai. Da na zuba na gwangwani mai shuɗi sai ya koma warin akwatin kayan sanyin Kaka. Kalarsa kore-kore, irin ruwan da ke taruwa a tsohuwar taya. Inna Drahusha ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Kai Radim, wa ya mutu a gidanku ba ku sanar ba?" Na ce mata girki nake. Ta ce, "To Allah ya ji ƙan wanda zai ci."

Da safen nan ya daskare sumul. Na yanko burodi, na shafa masa da kauri yadda kika ce, na barbaɗa gishiri da yankakkiyar albasa a kai, yadda yake son burodi da kitse tun muna yara. Na kai masa. Ya shinshina, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce Vlasta ce ta aiko da yadda za a yi, da hannunta ta rubuta, shafi biyu.  Ya karɓa ya fara ci.

Ya cinye, Yaya. Yanka guda cur, har ɓawon. Idanunsa suna ta ruwa, na ce albasa ce. Wata biyu ban ga ya gama abu ba. Sai da na fita bayan gida wurin kaji na tsaya kaɗan, don kada ya ga fuskata.

Da yamma zan ƙara masa. Na ɗan lasa a yatsa don in ji, harshena ya yi sanyi ya mutu kamar na je wurin likitan haƙori, na tofar na kurkure baki sau uku. Yadda yake iya haɗiye shi, Allah kaɗai ya sani. Amma ke ce mai girki, kuma kin ce zai yi mita, ga shi ko mitar bai yi ba. Kin hutar da ni sayen buta mai kiɗa.

Ƙaninki,
Radim

*

Gidan Dutse, 25 ga Satumba

Radim,

Ka daina ba shi. Idan wannan takarda ta same ka da wuƙa a hannu, ka ajiye. Ka ɗauki kwalbar da ka zuba shi ka kai ta inda ko kare ba zai kai ba.

Ba ni da gaisuwa yau. A tsaye na karanta wasiƙarka, a bakin kwandon kaya. Na karɓi wayar mai wurin nan na kira gida sau huɗu, jiya biyu yau biyu, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Ina kuke?

Abin da ke cikin gwangwani mai shuɗi kafur ne. Kafur, Radim, irin wanda ake sa wa tufafi don asu. Ba a cin sa. Abin da na koya maka man shafawa ne, na gwiwa da ƙugu, wanda Mama take ba tsofaffi su murza a jiki. Ga wasiƙarka ta farko a gabana. Ka rubuta "mas", sannan ka dangwala ƙazamin yatsanka a kan sauran, ka ce na dai gane. Ka gama ba ni labarin ciwon ƙugu da gwiwoyi, to me zan gane in ba "mast" ba, wato man shafawa a harshenmu? Sai yanzu da na ɗaga takardar a hasken taga na ga ƙafar wani harafi a ƙarƙashin baƙin man. "Maslo" ka rubuta, man shanu. Abin ci. Da na ce ka shafa masa, a jikinsa nake nufi, ba a burodi ba. Wane irin mutum ne zai ji warin akwatin Kaka, harshensa ya mutu, sannan ya yanka albasa a kai ya miƙa wa ubansa?

Kuma tunda mun zo nan, bari in faɗa maka abin da ke raina. Da na san ci kake nufi, da ban ba ka ko shawarar cokali ba. Murza ganye a gwiwa daban, ɗura wa tsoho shi a ciki daban. Baba, wanda bai taɓa shan abin da ya wuce ƙaramin kofin giya ɗaya ranar Kirsimeti ba, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe tutar coci ranar zagaye, shi za ka mayar kamar yaran bayan ɗakin itace, yana zaune baki sake yana yi wa bango dariya?  In dai sai an bugar da shi zai ci abinci, gara robar. Aƙalla a asibiti akwai masu wanke hannu.

Ka kai shi wurin likita yau, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, ka tafi da gwangwanin ka nuna mata. Sannan ka kira ni. Ka yi in'inarka, zan jira.

Vlasta

*

Podlesi, 3 ga Oktoba

Vlasta,

Ina fata kina lafiya. Baba yana da rai, tunda shi ne abin da za ki fara nema a takardar.

Kin tambayi inda muke. Muna asibiti. Yanka na uku bai gama ba, washegari da hantsi, sai amai, sannan jikinsa ya sandare ya fara karkarwa, idanu suka juye. Ni kaɗai a ɗakin. Inna Drahusha ce ta kira motar asibiti, don ni na riƙe wayar na kasa fitar da sunan garinmu. Ban jira wasiƙarki ba, da kaina na ɗauki gwangwanin na tafi da shi. Wani matashin likita ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni kamar abin da ya taka a hanya. Ya ce, "Kai ka ba shi wannan?" Na ce e. Ya ce, "A burodi?" Nas biyu suka juya baya. Wata mata mai tambayoyi ta zaunar da ni awa guda tana son ta san ko ni da Baba muna da rigimar gida. Ban ambaci sunanki ba.

Na kira ki daga can. Wani ya ɗauka yana Jamusanci, na ce "V, V, V", ya ajiye. Na sake kira, ya sake ajiyewa. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa tsanar bakina kamar ranar ba.

Kwana tara muka yi. Sun so su riƙe shi, Baba ya ce a kawo takarda ya sa hannu, ya fito. Likitarmu ta zo jiya da sikelinta. Hamsin da rabi. Ta ce za ta dawo ranar ashirin da ɗaya ga wata, kuma abin da sikeli ya faɗa ranar shi za a bi, ba ta son jin bakin kowa.

Laifin yatsana na ɗauka. Ina ganin tabon nan ko na rufe ido. Amma ke ma shafi biyu kika cika kina zagin buta, ba ki samu wurin rubuta kalmar kafur ba, ba ki samu wurin rubuta gwiwa ba. Kin ɗauka kowa ya san abin da ke saman kantar Mama. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne yadda ake ɗaga shi daga gado ba tare da ya yi ƙara ba, da yadda ake wanke gwangwanin da yake tofa majina, da yawan zanen gadon da ake canzawa a sati. Waɗannan ma suna da wari, ban taɓa rubuto miki ba don na san hancinki.

Kin ce gara robar. Kin taɓa ganin ta? Mutumin gadon da ke kusa da na Baba yana da ita. An ɗaure masa hannu da ƙyalle a ƙarfen gado don yana fizge ta. Ana ɗura masa wani abu kalar ruwan siminti, yana kallon silin. A wanke yake tas, wannan kam kin yi gaskiya.

Na gaya wa likita komai. Ta ce ganyen yana buɗe wa wasu ciki, wasu ba ya yi musu komai, ba ta yi alkawari ba. Ta ce idan za a yi, da man shanu zalla, kuma ita za ta faɗi yawan da za a ba shi, ɗan mitsitsi, ba mai sa dariyar bango ba. Jar tukunyar na wanke ta sau biyar, har yanzu kafur take. Don haka na dawo inda na fara wata guda da ya wuce, sai dai yanzu saura rabin kilo. Wacce zan saya? In ba za ki faɗa ba, ranar Asabar zan koma wurin ɗan'uwana mai zobe in ɗauko mai kiɗan.

Baba ya karɓi biro ya rubuta miki wani abu, ya ninke ya ce kada in karanta. Ban karanta ba. Ga shi a ciki.

Radim

*

Vlasta tawa,

Ki yi haƙuri da rubutun.

Kada ki ƙara zagin yaron nan. Tun yana bakin ƙofa na san abin da ke kan burodin. Shekara goma sha biyar uwarku tana murza mini shi a baya, ko a kabari na ji warin zan gane. Na san ba na ci ba ne. Na dai ɗauka abin da bai kashe gwiwa ba ba zai yi wa ciki komai ba, ashe ban san kafur ba.

Na buɗe baki zan gaya masa, sai ya ce ke kika aiko, da hannunki, shafi biyu. Shekara huɗu tun jana'izar uwarku ban ci abin da ya fito daga wurinki ba. Na ce bari in ci wannan.

Ba daɗi, 'yata. Kin fi haka iyawa.

Babanki

*

Gidan Dutse, 10 ga Oktoba

Radim, ƙanina,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Baba, ina gaishe da Inna Drahusha, ka ce mata na gode da kiran motar, kuma da gaske nake. Yaya bayanka? Ban taɓa tambaya ba, yau na tambaya.

Na karanta takardar Baba a ɗakin ajiyar kaya, na zauna a kan akwatin albasa, ban fito ba sai da miya ta kama. Ba zan gaya maka abin da ya rubuta ba. Ka dai sani ba kai ka ba shi kafur ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekara biyun da na yi ina jinyar Mama, babu ranar da ban fita bayan gida na yi amai ba. Ina son ta, ina wanke ta, zuciyata tana tashi. Ranar da aka binne ta na dawo na shiga ɗakin, na ji warin yana nan, har a gashina. Sai na nemi wurin da ya fi ko'ina iska a duniya na hau. Na bar ka da gwangwanin majina, ina aiko maka da darasin tsabtar ƙyalle. Yau kam kaina nake ƙyama, ya fi mini warin safar can.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi game da ganyen. Har gobe ƙazamin abu ne a wurina, kuma idan na ga butar nan mai kiɗa a ɗakin girkin Mama, ta taga za ta fita. Ga abin da za ka saya. Tukunyar lantarkin nan ta talakawa, wadda ya nuna maka da leɓe, ƙarama, mai cikin tangaran da ake cirewa a wanke. Ba wuƙa, ba fitila. Ka duba murfin ya zauna daram. Ba sai ka je Brno ba, shagon kayan gida na bakin tasha yana da ita. Ma'aunin zafi da ƙaramin sikelin girki ina da nawa. Man shanu kada ka saya, matar da ke kawo mana daga kwari ta yi mini alkawarin na ranar. Ka roƙi likita ta rubuta yawan da za a ba shi da manyan haruffa, ka wanke hannu kafin ka karɓi takardar, kuma kada ka kunna komai.

Jar tukunyar ka mayar da ita bayan kokwamba. Ta gwiwa ce, kuma zan rubuta hakan a jikinta da fenti.

Ranar Laraba muke rufewa. Na gaya wa otal ɗin kwari su nemi wata mai girkin don lokacin sanyi. Zan sauko a kwandon mutane ranar Alhamis, in kwana a hanya, jirgin ƙarfe huɗu na yamma zai sauke ni ranar Juma'a. Ka zo da mota, akwai kaya. Ni zan tsaya a kan tukunyar, da ƙyalle a hanci, taga a buɗe, ina zagi, kai kuma ka toshe kunne. A cikin buhti zan sa masa, ƙananan burodin nan irin na Mama masu jam a tsakiya, ɗaya tak mai alama, sauran na kowa. Idan ya ci mai alamar ya buɗe masa ciki, to. Idan kuma marasa alamar ya fi so, sai mu ba Inna Drahusha tukunyar ta dafa wake.

Ka bar zanen gadon ranar Juma'a, ni zan canza. In ka ga na fita bayan gida wurin kaji, kada ka biyo ni, zan dawo.

Ka gaya wa Baba na ji, na fi haka iyawa. Rabin kilon nan kuma ya riƙe mini shi har in iso.

Yayarka,
Vlasta